Baba ya ajiye maganin suga ya koma zuma da habbatus sauda

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah malamai da ma'aikatan lafiya na cikin nan su sa baki. Mahaifinmu ya daɗe da ciwon suga, yana shan metformin da wata 'yar ƙaramar ƙwaya da safe, kuma jikin da sauƙi. Bayan babbar sallah wani abokinsa na masallaci ya raka shi Islamik kemis, aka haɗa masa zuma da man habbatus sauda da garin hulba, aka ce ya ajiye na asibiti don danne ciwon kawai yake yi, wannan kuwa daga tushe zai tumɓuke shi. Yanzu ya rame, ƙishirwa ba ta barinsa, yana ta tashi fitsari cikin dare, ga wani ƙurji a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Jiya da safe kafin ya karya muka gwada da na'ura, ta nuna 17 a ma'aunin mmol/L. In muka yi magana sai ya ce, "Ku ne za ku ƙaryata Annabi?" Wallahi wannan kalmar ce take kashe mini baki.

Malamar Asibiti:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A bar muhawara tukuna, ku kai Baba asibiti yau ɗin nan. Awon safe kafin a ci komai, daga 7 zuwa sama ake kiransa ciwon suga, lafiyayyen mutum kuwa bai kai 5.6 ba. Ramar da kika gani da yawan fitsarin, jiki ne ke zubar da suga ta ƙoda yana jan ruwa tare da shi. Amma yatsan nan ya fi tayar mini da hankali. Suga in ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya daina jin zafi, jini kuma ya rage isa wurin, sai ƙaramin ƙurji ya zama gyambo. Yawancin waɗanda na ga an yanke wa ƙafa a ɗakinmu da abu kamar wannan suka fara. Kada a matse shi, kada a barbaɗa masa komai. In ya fara amai, ko magagi, ko numfashi da ƙarfi, ko cikin dare ne ku tafi sashen gaggawa.

Abu Yasir:
Allah ya ba Baba lafiya. Ni wannan sana'ar nake yi, shagon magungunan Musulunci gare ni, don haka bari in faɗi nawa. Kullum aka kawo irin wannan labari sai a yi mana kuɗin goro. Manzon Allah (SAW) ya ce a cikin habbatus sauda akwai waraka daga kowace cuta sai mutuwa, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Allah da kansa ya ce game da zuma a Suratun Nahli, aya ta 69, a cikinta akwai waraka ga mutane. Shin ciwon suga ba ya cikin "kowace cuta"? Likitan asibiti da bakinsa yake gaya maka ba ya da maganin da zai raba ka da shi, sai dai ka yi ta sha har ka koma ga Allah. To wanda ya ce ba shi da waraka, don me zai hana a nema a wurin wanda ba ya faɗin son zuciya? Mai yiwuwa zumar da aka ba Baba ta sukari ce, kasuwa ta cika da jabu. Ko kuma bai bi ƙa'idar shan ba.

Hajiya Babba:
Ni dai na sani, tun ina shan habba da zuma a ruwan ɗumi da asuba tarin da yake damuna duk hunturu ya tafi. Ba za a ce mini ba ya aiki ba.

Malam Na Zaure:
Ummu Safiyya, Allah ya yi miki albarka da kula da mahaifi. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya ƙaryata Annabi don ya kai mara lafiya wurin likita. Malam Abu Yasir, hadisan da ka kawo ingantattu ne, ba mu da ja a kansu. Sai dai a haɗa su da 'yan'uwansu kafin a yanke hukunci.

Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya ce kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Ka lura da sharaɗin, idan aka dace. Wato akwai yiwuwar a ba da magani mai albarka a inda ba muhallinsa ba, ko a ba da shi da yawan da bai kamata ba. Ibnul Ƙayyim, wanda littafinsa na ɗibbun nabawi ne kusan duk masu shagunanku suke dogara da shi, da ya zo kan "kowace cuta" sai ya kwatanta ta da faɗin Allah game da iskar da ta halaka Adawa a Suratul Ahƙaf, cewa tana rugurguza kowane abu, alhali ayar da kanta ta ce an wayi gari ana ganin gidajensu. Ma'ana kowane abin da yake karɓar rugujewa. Ibnu Hajar ma a sharhin Bukhari ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazi ne gamamme da ake nufin keɓantacce da shi. Haka Ibnul Ƙayyim ya yi a hadisin sanyaya zazzaɓi da ruwa, ya ce magana ce da ta fi fuskantar mutanen Hijaz da irin zazzaɓin da zafin ƙasarsu yake jawowa. Waɗannan ba Turawa ba ne, ba kuma 'yan boko ba.

Sannan Annabi (SAW) da kansa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'ab likita, ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas, yana cikin Muslim. Da zuma da habba sun wadatar a kowane hali, da su zai aika masa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ga masu wannan sana'a shi ne hadisin Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah: wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ne mai lamuni. Malaman fiƙihu a kan wannan suka gina cewa in ya jawo asarar gaɓa ko rai, diyya tana hawa kansa. Wanda ya ce wa dattijo mai suga ya ajiye maganinsa, bai auna jininsa ba, bai san halin ƙodarsa ba, in ƙafar nan ta tafi zai amsa tambaya a gaban Allah.

Abu Yasir:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ni ban taɓa cewa wani ya bar maganin asibiti ba. Amma hadisin mutumin da ɗan'uwansa ke fama da ciki fa? Sau uku ana ba shi zuma ciwon na ƙaruwa, Annabi (SAW) ya ce Allah ya yi gaskiya, cikin ɗan'uwanka ne ya yi ƙarya, aka ci gaba har ya warke. Ashe ƙaruwar ciwo a farko ba hujja ba ce ta a daina.

Malam Na Zaure:
Wanda ya ce a ci gaba a can Manzon Allah ne, game da mutum ɗaya da cuta ɗaya, gudawa. Mai shago ba ya da wannan matsayin, kuma gudawa daban, suga daban. Kada mu ɗauki tabbacin da Annabi yake da shi mu jingina wa kanmu.

Mai Harhaɗa Magani:
Allah ya ƙara sani Malam. Bari in shigo ta ɓangaren da na karanta. Malam Abu Yasir, ko da zumar Baba daga amya aka tatso ta a gabansa, kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, sauran mafi yawa ruwa. Tsabtarta ba ta canza wannan. Mai ciwon da jikinsa ya kasa sarrafa suga, in ana ɗura masa cokali uku safe da yamma, an kuma janye ƙwayar da ke taimakonsa, dole awo ya hau. Wannan bai rage wa zuma daraja ba. Hajiya, abin da kika faɗa gaskiya ne, har hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar zuma ga mai tari, kuma akwai zumar da aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta ana ɗaure miki da ƙuna da ita a asibitoci. Abu ɗaya dai, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya yaƙa, tana sa jikinsa ya saki.

Habbatus sauda ma an yi bincike a kanta sosai. Akwai sinadari a manta da ake kira thymoquinone, kuma gwaje-gwaje a kan mutane sun nuna tana ɗan rage suga, haka hulba. Sai dai yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan watanni, kuma mafi yawansu ƙari aka yi da ita a kan maganin asibiti. Babu inda aka nuna ta raba mutum da ciwon.

Kuma ina so mu daina kallon abin kamar yaƙi tsakanin Musulunci da Bature. Metformin ɗin da aka raba Baba da shi, asalinsa daga wani tsiro ne da mutanen Turai suka daɗe suna jiƙawa, a 1957 wani likita a Faransa ya fara ba masu suga shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ɗan'uwan tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. A nan gida cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu sikila daga haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi. Abin da ya mayar da su maganin asibiti shi ne an auna, an san nawa ake sha, an san wa zai cutar.

Ɗalibin Tarihi:
Ƙari a kan wannan, likitancin da ake kira na Bature ai da hannun kakanninmu a ciki. Razi ne ya rubuta bambancin agana da ƙyanda. Zahrawi a Andalus ya zana kayan tiyata a littafinsa. Ƙanun na Ibnu Sina ɗaruruwan shekaru ana karantar da shi a jami'o'in Turai. Ibnun Nafis a ƙarni na 13 ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu. Dukkansu sun san hadisin habba, bai hana su gwaji ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce daban a kan basir da ciwon ido da tsutsar ciki, kowace cuta da nata bayani. Ni ma ina tare da Ibnu Khaldun da ya ce maganin da ya zo a hadisai na al'adar Larabawa ne, ba wahayi ba, ya kafa hujja da hadisin barbarar dabino, "ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku."

Malam Na Zaure:
A nan kam ban bi ka ba ɗana. Maganar Ibnu Khaldun sananniya ce, amma malamai da yawa ba su karɓe ta ba, ni ma ban karɓa ba. Zuma Alƙur'ani ne ya ambace ta, ba za a ce al'ada ba ce. Abin da Annabi (SAW) ya tabbatar cewa waraka ne, waraka ne. Inda ɗan Adam ke kuskure shi ne wace cuta, wane mutum, nawa, yaushe. Ba ma buƙatar mu rage darajar hadisi kafin mu kai Baba asibiti. Kuma in ka je wa dattijo da wannan maganar, ka rufe ƙofar da muke so mu buɗe.

Ɗan Damagaram:
Gaskiyar Malam. Amma akwai abin da ba ku taɓo ba. Me ya sa mutane ke guje wa likita tun farko? A nan wajenmu da gram ake faɗin awon, 1,26 ne iyaka, daidai da 7 ɗinku, kuma tsoho zai je ya yini a layi, a miƙo masa takarda da Faransanci, babu mai zama ya fassara masa. Mai maganin Musulunci kuwa zai shimfiɗa masa tabarma, ya kira shi Baba, ya saurare shi, ya yi masa addu'a. Ga kuɗi. Insulin, allurar masu suga, kowane wata ne, yana son sanyi, ƙauye ba wuta. Talaka bai ƙi asibiti don jahilci kawai ba.

Malamar Asibiti:
Ban musa ba ɗan'uwa, kuma abin yana yi mini ciwo. Ma'aikaciya ɗaya ga ɗaki cike da marasa lafiya, likitoci suna ta ficewa waje, magani ya yi tsada tun da wasu manyan kamfanoni suka tattara suka bar Najeriya a 2023. Akwai kuma abokan aikinmu da ke yi wa tsoho tsawa in ya ce yana shan habba, sai ya koma gida ya ƙudurta ba zai sake faɗa ba. Wannan ɓoyewar ce ta fi haɗari. Ƙaramar ƙwayar safe da Ummu Safiyya ta ambata, in irin su glibenclamide ce, tana iya faɗar da suga ƙasa da 3.9, in an haɗa da hulba ba a sani ba abin ya fi sauƙin faruwa. Mutum ya hau gumi da karkarwa, ya rikice, a ce aljanu ne a tsaya ruƙiyya, alhali ruwan sukari yake buƙata a take. Ruƙiyya a yi ta, amma a fara duba awo.

Ummu Safiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yayanmu ya karanta wa Baba amsar Malam, musamman wurin likitan da aka aika wa Ubayyu. Ya yi shiru, sannan ya ce zai je amma ba zai bar habba ba. Muna hanya yanzu. Zan tafi da duk kwalaben in nuna wa likita.

Malamar Asibiti:
Haka ake so. Ki ce a duba ƙoda da idanu, a yi masa gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda sugan ya kasance a kusan wata uku da suka wuce. In an ce insulin na ɗan lokaci kada ya tsorata. Kafin a gano shi a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon ba ya daɗewa a duniya.

Hajiya Babba:
To kaho fa? Maƙwabciyata mai suga ce, duk wata sai an yi mata, ta ce jikinta na yin sakayau.

Abu Yasir:
Kaho sunna ne Hajiya, Annabi (SAW) ya yi, ya kuma ba mai kahon ladansa. Hadisin Bukhari ya ce waraka tana cikin uku, shan zuma da tsagar kaho da lalas da wuta, ya kuma hana al'ummarsa lalas. Mu a wurinmu kowa da sabuwar reza da sabon kofi, a gabansa ake ɓarewa.

Mai Harhaɗa Magani:
Allah ya saka maka da wannan, don ba kowa ke yi ba. Aska ɗaya ga mutum goma hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, kuma goge ta da tsumma ko ruwan zafi ba ya wadatarwa. Mai suga kuma tsaga ba ta saurin warkewa a jikinsa, don haka a nisanci ƙafa da ƙwauri gaba ɗaya, kuma kada a yi lokacin da awo ke sama. Mai shan maganin tsinka jini, da mai ƙarancin jini, da mai sikila, su tambayi likita tukuna. Jin sakayau abu ne mai kyau, amma kaho ba ya zuƙe suga daga jiki kamar yadda ake tallatawa a motocin lasifika.

Abu Yasir:
Masu lasifika ba namu ba ne, su ne suke zubar mana da mutunci da batsa a bakin kasuwa. Kayana duk da lambar NAFDAC.

Mai Harhaɗa Magani:
Ka duba lambar da kyau Malam. A yawancin magungunan itatuwa za ka ga harafin L a ƙarshenta, kuma a jikin kwalbar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Abin da aka duba shi ne ba ya cutarwa a gwajin da aka yi, ba a ce yana maganin abin da aka lissafa ba. Waɗanda ba su da lamba kuwa, a ƙasashe da dama an sha kama haɗin da aka ce zallar ganye ne an daka ƙwayar asibiti a ciki, ta suga ko ta ƙarfin maza ko irin su dexamethasone mai rage kumburi. Mutum ya ga aiki nan take ya ce albarka ce, bai san yawan abin da yake haɗiya ba.

Abu Yasir:
To ku da kuke da ɗakunan gwaji me ya hana ku gwada namu? Kullum "ba a tabbatar ba", alhali ba ku zo kun duba ba. Ina da mutanen da suka ce mini sugansu ya sauka.

Mai Harhaɗa Magani:
Wannan ƙorafin naka yana kan hanya, kuɗin bincike a jami'o'inmu kaɗan ne. Amma akwai abin da za ka iya farawa a shagonka gobe. Ka sayi na'urar awo da littafi. Duk mai suga da ya zo, ka rubuta awonsa na safe, da magungunan asibitin da yake sha, da abin da ka ba shi da yawansa, da sharaɗin ba zai ajiye na likita ba kuma likitansa ya san yana sha. Ka rubuta wanda ya sauka, ka rubuta wanda ya hau, ka bi sawun wanda bai dawo ba, domin shi ne ba ka jin labarinsa. Wanda awonsa ya kai irin na Baba, ko yake da miki a ƙafa, ko mace mai ciki, ko yaro, kada ka sayar masa da komai, ka tura shi asibiti.

Abu Yasir:
Na'urar ina da ita. Littafin ne ban taɓa ajiyewa ba. In na tara na wata shida za ka duba?

Mai Harhaɗa Magani:
Zan duba in sha Allah. Ka cire sunayen mutane da lambobin wayarsu kafin ka turo, ka sa wa kowa lamba. Ka ƙara da shekarunsa da nauyinsa, kuma zumar ka cire ta daga haɗin masu suga tun yanzu.